Waƙar Gayya a Ɗakin Jinya

Mijina ya faɗi ne a bayan gida, a tsakiyar masarar da ya shuka da hannunsa, wata safiya ta damina. Ina makaranta a lokacin, ina koyar da 'yan aji huɗu, sai ga maƙwabciyarmu a bakin taga, ko ɗankwali babu a kanta. Sai da na fito ta gaya mini. Kafin mu isa gida, mazan unguwa sun riga sun sa shi a keke mai ƙafa uku sun kai shi asibiti.

Likita ya ce hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Mun yi makonni a can, ina kwana a tabarma a gefen gadonsa. Da aka sallame mu, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, bakinsa ya karkace, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ce ta rage masa, ita ce "to". In yana jin yunwa, to. In ya ƙoshi, to. In na juya shi na taɓa inda ke ciwo, to, da ƙarfi, idanunsa jajur. Yana jin duk abin da ake faɗa, yana gane kowa, amma in ya buɗe baki ya nemi kalma, wannan ce kaɗai ke fitowa.

Dama shi ba mai yawan magana ba ne. Aikin jirgin ƙasa ya yi a nan Kafanchan tun yana saurayi, a ofishin kaya, har jiragen suka ja baya aka ba shi fansho. Dattijon ikilisiya ne, mai goge rigarsa da kansa, mai son shiru. Lokacin da yara ke ƙanana, da sun ji ƙarar kekensa a ƙofa sai su rage rediyo. A addu'ar gida ni ce ke ɗaga waƙa, shi kuwa sai ya buɗe littafin ya riƙe daidai ƙirji, leɓensa na ɗan motsi, ba ka jin komai. Fiye da shekara talatin muna tare ban taɓa jin muryarsa a waƙa ba. Shi mutumin wani ƙauye ne ta wajen Kachia, ni kuma 'yar nan kusa da gari ce. Yarenmu ba ɗaya ba. Da Hausa ya nemi aurena, da Hausa muka yi renon yara, da ita muke faɗa in faɗa ya kama.

Yaranmu biyu ne. Namijin yana Sabon Tasha da iyalinsa, kullum yana shiga cikin Kaduna aiki. Macen tana aure a Kachia, a lokacin tana goyo. Da farko duk ƙarshen mako suna hanya. Daga baya zuwan ya ragu, kiran waya ya ƙaru. Ban ga laifinsu ba, kowa da abin da ke kansa.

Aikin jinya ba shi da wuyar ganewa, yawa ne da shi, kuma ba ya ƙarewa. Da asuba in ɗora ruwa, in goge masa jiki, in canja zanin gado, in shafa masa mai a baya da ƙugu don kada kwanciya ta yi masa gyambo. In ba shi kunun acca da cokali, rabi ya shiga, rabi ya bi gefen baki. In bar shi a hannun maƙwabciyata in ruga makaranta, in tsaya gaban yara ina magana alhali hankalina na gida. In dawo in tarar da wanki yana jirana. Shi dogo ne mai nauyi, ni gajera. Ɗaga shi daga gado zuwa kujera sai na rungume shi ta ƙirji, na tokare gwiwarsa da tawa, muna nishi mu biyu. Na lura kunya ta fi ciwon damunsa. Duk lokacin da na kawo masa fo sai ya rufe ido, ba ya buɗewa sai na fita da shi.

Ni ma jikina ya fara ba ni labari. Wuyana ya sandare, har in zan waiwaya sai na juya gaba ɗaya. Barcina ya koma guntu-guntu. Akwai ranar da na tsaya gaban allo da alli a hannu na manta abin da nake rubutawa, yara suka yi tsit suna kallona. Nas ɗin da ke auna masa jini ta ce in miƙo nawa hannun ma. Da ta duba sai ta cire abin awon a hankali ta tambaye ni, in na faɗi ni ma, wa zai ɗauki wani. Aka rubuta mini nawa maganin. Muka koma mu biyu muna haɗiyar ƙwaya da safe, kowa da kofinsa.

Kowane mako mukan je ɗakin gashin ƙashi a asibiti. Wadda ke kula da shi wata mata ce mai matsakaicin shekaru, mai ƙarfin hannu, ba ta cika dariya ba. Takan lanƙwasa masa ƙafa, ta miƙe, ta sa shi ya gwada tsayawa a tsakanin ƙarafa biyu. Shi kuwa ya tsani wurin. Da ta fara ƙirga masa sai ya saki jiki ya ƙi. Wata rana bayan ya ƙi ta sarai, ta zauna tana goge hannu, ta dube ni.

"Malama, Baba yana waƙa?"

Na yi dariya, wadda na daɗe ban yi ba. Na ce mata ko lokacin da yake da lafiya ba ya yi.

Ta ce duk da haka in gwada. Ta ga marasa lafiya irinsa waɗanda magana ta kuɓuce musu amma waƙa ta rage, domin a ƙwaƙwalwa ba hanya ɗaya suke bi ba. Ta ce ba alkawari take yi mini ba. Amma ko bai ce komai ba, waƙa mai sanyi tana kwantar da jiki, tana daidaita numfashi, kuma ba ta hana shan magani. Na ce mata to, kamar yadda shi yake cewa. A raina kuwa ji na yi an ƙara mini wani aikin a kan wanda nake da shi.

Na gwada dai. Ina goge masa jiki ina rera waƙoƙin sujada da muryata da ta dishe da ihun aji. Sai ya juya fuska bango. Da ɗanmu ya zo na ba shi labari, ya ɗauki abin da zafi. Ya sayo wata 'yar sifika, ya haɗa da wayarsa, ya sa waƙoƙin yabo na zamani masu jita da ganguna, ya ƙure ƙara. Uban ya yi ta cewa to, to, yaron ya ɗauka daɗi yake ji. Sai da ya kai hannun hagu ya make kofin da ke kan tebur ya tarwatse a ƙasa, sannan muka gane. Yaron ya kashe abin, ya fita waje ya daɗe bai shigo ba. Ni na kwashe fasassun. Daga ranar na bar zancen waƙa.

Matan zumuntarmu na coci ne suka dawo da shi, ba tare da sun san an taɓa yinsa ba. Na yi watanni ban je taro ba. Wata yamma na dawo daga makaranta ko takalmi ban cire ba, sai na ji sallamarsu a ƙofa, sun sha ankon zani, ɗauke da tulu da kacau-kacau da ƙaramar ganga. Gaskiya raina bai so ba. Ban share falo ba, gidan yana warin magani da fitsari, ba ni da ko ruwan sanyi da zan ba su. Na fara kai da kawowa ina neman kujeru, ina ba da haƙuri.

Shugabarmu wata gwauruwa ce da ta yi jinyar nata mijin shekaru kafin ya rasu. Ta leƙa ɗakin, ta ga yadda yake zaune a kujera, sai ta ce a bar ganga da kacau-kacau a waje, tulu kaɗai ya shigo. Sannan ta kama kafaɗata ta zaunar da ni.

"Zauna, Malama. Mu ba baƙi ba ne."

Bayan addu'a suka fara, a hankali ƙwarai, ba irin yadda muke yi a coci ba. Mai tulu tana buga bakinsa da ɗan soso, yana ba da wannan sauti mai zurfi da ba a kunne kaɗai ake jinsa ba, har a cikin ciki. Waƙa ce da na sani tun ina yarinya. Na yi niyyar in shiga amshi. Na tuna na ji kafaɗuna sun sauko, kamar an sauke mini tulun ruwa daga kai. Abin da na sani bayan wannan shi ne na buɗe ido rana ta kusa faɗuwa, bakina a buɗe, an lulluɓe mini ƙafa da zanin wata. Suna nan zaune suna yi, muryoyinsu ƙasa-ƙasa. An kwashe shanyata daga igiya an ninke. An share falo. Wata ta ba mijina abinci har ta goge masa baki.

Kunya ta kama ni sosai, na yi barci a gaban mutane da rana tsaka. Shugabar ta ce sun ƙi tsayawa ne don kada shirun ya tashe ni. Da za su tafi ta ja ni gefe ta ce ta lura da yatsan Baba na hagu yana bin tulun a hannun kujera, tun daga farko har ƙarshe. Ni ban gani ba, ina barci. Abin da na gani shi ne da na raka su ƙofa wata ta kira ni daga baya, na waiwaya da wuya kaɗai, bai riƙe ba.

Bayan wannan suka riƙa zuwa bibbiyu ko uku-uku, duk lokacin da suka samu sarari. Wani lokaci da tulu, wani lokaci baki kawai. Ba zan ce waƙa ce ta saukar mini da jini ba, domin ina shan magani. Amma ranar da suka zo nakan ci abinci da kyau, in kwanta ba tare da ƙirjina yana bugu ba. Shi ma a irin waɗannan ranaku ba ya yi mini gardama in zan kwantar da shi. Bakinsa dai yana nan yadda yake.

Bayan an tone citta, yayarsa ta zo daga ƙauye. Tsohuwa ce tukuf, ta ranƙwafa, kunnenta ya yi nauyi, Hausarta kuma kaɗan ce. Ta zo da buhun ɗanyar citta da ƙullin acca, ta ce ba za ta zo hannu rabbana ba. Ta tsaya a kansa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi masa doguwar magana da yarensu. Ya ce to. Ta gyaɗa kai kamar ya ba ta cikakkiyar amsa.

Ba ta iya zama haka kawai. Washegari da yamma ta shimfiɗa buhu a baranda ta zauna tana tsaga cittar da wuƙa don a shanya, ni kuma na fito da shi na ajiye kujerarsa kusa da ita ya sha iska. Na shiga kicin na ɗora tuwo. Ina cikin tuƙi na ji ta fara waƙa da yarensu, da muryarta ta tsufa mai rawa. Irin waƙar nan ce ta bayarwa da amsawa. Takan rera nata, sai ta yi shiru daidai inda masu amshi za su shiga, ko da yake babu kowa, sabo ne kawai. Ta yi haka, ta sake. Can sai na ji muryar namiji ta cike gurbin.

Na ɗauka wani ne ke wucewa a hanya. Murya ce mai kauri, ta ɗan shaƙe, amma tana kan waƙar daidai. Da ta sake shigowa sai na gane daga baranda take fitowa. Na fito da muciya a hannu.

Shi ne. Bakinsa a karkace, miyau na bin gefe, amma kalmomi ne ke fita, cikakku, ɗaya na bin ɗaya. Idanunsa sun firfito, shi kansa ya tsorata da abin da ke fita daga bakinsa. Tsohuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, tana tsaga cittarta tana bayarwa, yana amsawa. Da waƙar ta ƙare ya juyo ya gan ni. Ya buɗe baki zai gaya mini wani abu, ya yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Abin da ya fito shi ne to. Sai ya sunkuyar da kai hawaye suka zubo.

Na durƙusa kusa da kunnen yayarsa na tambaye ta da ƙarfi wace waƙa ce wannan, a ina ya san ta. Ta dube ni da mamaki.

"Matarmu, ashe kai ba ka sani ba? Shi ne mai waƙa na gayya namu."

Da guntuwar Hausarta da nuni da hannu ta ba ni labari. Lokacin suna matasa, in an yi gayya, wato in matasan ƙauye suka taru don yi wa mutum ɗaya noma, shi ne ke gaba yana ba da waƙa, garemani na tashi suna sauka tare. Har daga wasu ƙauyuka ake gayyatar sa'o'insa saboda muryarsa. Da ya tafi makaranta, daga can ya samu aikin jirgi ya fara sa riga mai guga, sai ya bari. Ba wanda ya hana shi. Wataƙila ya ga bai dace da ma'aikaci ba, balle dattijon coci. Ta faɗi wannan duka kamar abin da kowa ya sani.

Na koma kicin na tarar tuwo ya kama. Na tsaya ina kankare tukunya, ina murna, ina kuma jin wani abu mai kama da haushi. Na wanke wa mutumin nan jiki lungu-lungu, na haifa masa 'ya'ya, na san irin tarin da yake yi in ransa ya ɓaci, amma ban san yana da murya ba. Ba ni da wanda zan yi wa ƙorafi. Shi ba zai iya ba ni amsa ba, ni kuma ba ni da ƙarfin riƙe fushi.

Na roƙi tsohuwa ta koya mini kafin ta koma. Waƙar ta tsokana ce, ana zolayar malalacin da ba ya isowa gona sai an kawo abinci. Akwai wasu kuma, ta girbi da ta niƙa. Koyon yaren miji da furfura a kai ba abu ne mai sauƙi ba. Harshena ya ƙi lanƙwasuwa. Akwai kalmar da na ja ta sama maimakon ƙasa, ashe ta koma wani abu da ba a faɗa gaban suruki. Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Na duba sai na ga shi ma kafaɗarsa na girgiza, rabin fuskarsa na dariya. Tun da ya faɗi ban ga haka ba. Na bar kuskuren yadda yake na kwana biyu da gangan.

'Yarmu ta zo ta ɗauki muryar gwaggonta a waya don ta rage mana. Amma ta wayar ba ta yi aiki sosai ba. Yakan saurara, yatsansa na bi, sai dai ba ya shiga. Waya ba ta jiran mutum. Shi kuwa yana bukatar a ba shi, a yi shiru, a dube shi, a jira ko da zai makara.

Da na gaya wa matar ɗakin gashi ba ta yi mamaki ba, amma na ga ta ji daɗi. Ta sa na rera mata waƙar a gaban sauran marasa lafiya, na yi ina jin kunya. Sai ta nuna mini yadda zan yi. In riƙe hannunsa na hagu ina ɗan bubbuga shi a cinyarsa, in ɗauki muryar waƙar in zuba mata maganar yau da kullum, gajera: ina son ruwa, na gaji, ina kwana. Mu rera tare da farko, a hankali, sannan in riƙa janye muryata ina barinsa shi kaɗai. Ta ce kada in yi lokacin da ya gaji, kada kuma in matsa masa.

Mun daɗe babu abin da ya fito. Kullum in na dawo daga makaranta in zauna gabansa ina rera ina son ruwa, ina son ruwa, kamar mahaukaciya, yana bina da gunaguni. Maƙwabta na ji. Sau da yawa na ce a raina wannan wahalar banza ce. Sai wata rana na janye murya kamar yadda na saba, na ji ya ƙarasa shi kaɗai, ruwa. Na tashi na kawo masa, ko da yake na san ba ƙishirwa yake ji ba. Ya karɓa ya sha.

Tafiya ma da waƙar muka koya. An yi ta ne don hannuwa da yawa su ɗaga garma lokaci ɗaya, saboda haka tana da inda take faɗuwa da nauyi. A nan yake dasa sanda, sannan ƙafa mai lafiya, sannan ya jawo ɗayar. Mutumin da ke sakin jiki in an ƙirga masa, sai ga shi yana bin waƙa. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki, daga baya har baranda, bayan watanni har gindin mangwaron tsakar gida. Ina gefensa riƙe da ɗamarar wandonsa, ina bayarwa yana amsawa, muna haki.

Ba warkewa ya yi ba. Hannun dama bai dawo ba har yau. Maganar da ya samu 'yar kaɗan ce, rabinta a rere take fitowa. Ranar da Fasto ya zo duba shi, ya gaishe shi da ina kwana cikin muryar waƙar malalacin gona. Fasto ya amsa da lafiya lau cikin natsuwa, ni na shige kicin don kada a ga fuskata. Akwai ranakun da babu abin da ke fitowa ko an yi yaya, ya koma to ɗinsa, ya yi ta huci. Ni ma waƙar ta gundure ni. Mutum ya wuni yana ɗaga murya a kan yara, ya dawo ya tarar da wanki da girki, sannan a ce ya rera waƙar gona da yaren da ba nasa ba.

Wata yamma, lokacin jarrabawa, na dawo da takardun yara a jaka da ciwon kai. Na tarar ya ɓata zanin gado, na gyara, na wanke, na shanya. Da na shigo ya miƙo mini hannun hagu, alamar lokacin waƙa ya yi. Na dubi hannun. Na ce, "Baban yara, yau ba zan iya ba."

Ban ma kai kujera ba, na zauna a ƙasa na jingina da ƙafar gadonsa na miƙe ƙafafu. Can na ji ya fara, ba da kalmomi ba, da hanci kawai. Waƙar niƙa ce da yayarsa ta koya mini, amma ya ja ta a hankali fiye da yadda ake yi, har ta zama wata aba dabam. Ya ɗora hannunsa a kan ɗankwalina ya bar shi a nan, da nauyinsa. Ban yi barci ba, ban yi kuka ba. Na zauna ne kawai ina jin muryar tana bi ta katakon gadon tana shiga bayana. Ya yi ta yi yana maimaitawa har numfashinsa ya gaza. Da ya tsaya na ƙara zama kaɗan, sannan na tashi na ɗora ruwan tuwo. Ciwon kan yana nan, amma ya ja baya.

Da damina ta zagayo aka aiko mana yayarsa ta rasu. Ɗanmu ya zo daga Sabon Tasha da mota ya ɗauke mu. Tun da ya faɗi, wannan ce tafiyarsa ta farko mai nisa. Daga babban titi zuwa ƙauyen hanyar ta lalace da ruwa, kowane rami sai ya cije baki. Bayan an gama sujada a bakin kabari, wasu tsofaffi sa'o'insa suka taru suka ɗaga ɗaya daga cikin waƙoƙin nan, suna kallonsa, domin labari ya kai musu cewa ya dawo da waƙa. Suka ba shi, suka jira. Ya buɗe baki. Babu abin da ya fito, ko to ɗin ma. Jama'a sun yi yawa, idanu duk a kansa. Ya damƙe wuyan hannuna har sai da ya yi shati. Wani tsoho ya karɓi amshin, aka ci gaba, aka rufe maganar.

Da muka dawo gida ya daina waƙa. In na fara sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ban matsa masa ba, gaskiya ma na ɗan huta. Sai da masara ta nuna, wata safiya ina yanke masa farce, na ji yana gunaguninta ƙasa-ƙasa. Na ci gaba da yankan. Da na gama hannu ɗaya na ba shi waƙar, ya amsa.

Yanzu na yi ritaya. Gwiwoyina sun fara nasu ciwon, ɗaga shi ya fi ƙarfina, sai da muka sa kafinta ya kafa ƙarfe a bango kusa da gado da kuma a banɗaki, yana kamawa ya miƙe da kansa. Gajiyar ba ta tafi ba, na dai san yadda zan zauna da ita. Da safe bayan mun sha magani mukan yi 'yar waƙarmu, wata rana ta yi tsawo, wata rana mu tsaya a tsakiya. Sannan in fito da shi baranda, in ajiye masa ruwa ta hagunsa, in ɗauki jaka in tafi kasuwa. Masu wucewa sukan gaishe shi, wanda ya yi haƙurin tsayawa yakan samu amsa.